Tsohuwar garmar faifai uku da na saya a hannu, bayan damina biyu

Garmuna biyu ne jingine a jikin katangar wani garejin tarakta da ke kan hanyar Funtua zuwa Zariya, dukansu ja jawur, an malale su da sabon fenti har kan notuna. Kowacce faifai uku, tsawo kusan ɗaya. Mai sayarwa ya ce, "Alhaji, rufe ido ka ɗauki wadda hannunka ya taɓa, uwa ɗaya uba ɗaya suke, Massey ce ta Ingila tun 1950." Da ni kaɗai na je, da ta hagu na ɗauko, don ta fi sauƙin kuɗi. Allah Ya sa ina tare da makanikin da ke duba min taraktata MF 375, kuma ya zo da tef ɗin awo a aljihu.

Bai ce uffan ba, ya durƙusa ya kankare fenti da bakin sukundireba a jikin babban ƙarfen ta dama. Sai ga ɗan allon ƙarfe da aka kafe da ƙusa, an buga Massey Ferguson da lamba a ƙasa. Nan maganar 1950 ta rushe, domin sai a 1953 kamfanin Harry Ferguson ya haɗe da Massey-Harris na Kanada, kuma sai a 1958 aka koma kiran su Massey Ferguson. Duk ƙarfen da ke ɗauke da wannan suna bai girmi 1958 ba. Ta hagu kuwa ba allo, ba ma ramukan da allo ya taɓa zama. Waldarta duk ƙuraje, alamar hannu ya yi ta a wani shago. Ban raina aikin maƙeranmu ba, akwai masu kyau, amma a sayar min da ita da sunanta.

Inda makanikin ya fi daɗewa shi ne wajen boris. A garmar faifai kowane faifai yana da nasa gidan boris, a karkace yake tsaye, ba kamar haro ba da ake jera fayafai a kan sanda guda. Mutane da dama na rikita su, su sayi haro suna jiran ya juya musu ƙasa. Makanikin ya kama kowane faifai da hannu biyu ya girgiza. Na ta dama shiru, suna juyawa sumul. Na tsakiyar ta hagu sai ƙwas-ƙwas, yana rawa kamar haƙorin tsoho. Ya kuma ɗora tef: fayafan ta dama inci 25 da ɗan ɗoriya, ke nan 'yan inci 26 ne da ba su ci ƙasa sosai ba. Na ta hagu ɗaya 24, ɗaya 23, na ukun ma ba irinsu ba ne. Garmar da fayafanta suka bambanta ba ta huɗa daidai, wani ya nutse wani ya yi ta shafar sama.

Na biya, muka ɗauko ta dama.

Matsalar farko a gida ta same mu. Fil ɗin da hannuwan tarakta ke kamawa na ƙananan tarakta ne irin su MF 135, kauri milimita 22, alhali ramukan hannuwan 375 na milimita 28 ne. Mun auna komai a gareji, wannan ne muka manta. Direbana ya so a bar shi haka yana lilo, na ƙi. Muka sa aka yanko mana bushin biyu, wato zoben ƙarfen da zai cike ratar, muka zura, magana ta ƙare.

A gona fa sai hamdala. Gonata jan gargari ce mai tauri, ga saiwoyi da ragowar kututture a gefen da na sare bara waccan. Nauyin wannan garma shi ne amfaninta: da ruwan farko ya sauka, tana shiga ƙasa ba sai an ɗaura mata buhun yashi ko dutse ba, yadda nake gani ana yi wa marasa nauyi. In ta ci karo da saiwa, faifan ya mirgina ya haye, ba ya tokarewa. A damina biyu, ban da giris da ake ɗura mata kowace safiya, boris ɗaya kawai na canza.

Sai dai tana da halinta. Ƙaramar tayar ƙarfen nan ta baya, wadda ke bin cikin huɗa tana hana garma karkata, sifirin ɗinta ya saki. Kwana biyu direba na kokawa da sitiyari, tarakta na ja gefe, yana cewa tayar gaba ce. Da aka ɗaure sifirin ɗin aka gyara kusurwar tayar, sai layi ya miƙe. Sannan ƙarafan da ke goge laka daga jikin fayafai biyu ne kawai suka zo da ita. A jigawa ba za ka lura ba, amma da muka shiga fadama sai faifai na uku ya cushe da laka har ya daina juyawa, ana tsayawa ana kankarewa da fartanya. Mai kuma tana sha, wannan ba ɓoyayye ba ne, wanda taraktarsa MF 135 ce ya tsaya a faifai biyu ya huta.

Yanzu faifan gaba ya fara cinyewa, kuma na zaga shaguna uku a Kano ramukan notin sababbin ba su dace da nata ba. Makanikin ya ce in kwance tsohon in tafi da shi a bayan mota, a ɗora ɗaya kan ɗaya kafin in ba da ko sisi. Bayan girbi zan koma.