Yaya, kafin a sa wa yaron nan ƙarfe a kwatangwalo

Assalamu alaikum Yaya. Na ga hoton ƙashin da ka turo, saƙonka kuma sau biyu na saurare shi. Kan ƙashin cinyar ɗana ya lotsa kamar yadda nawa ya yi, sikila ta toshe hanyar jini har ƙashin ya mutu. Ka ce in faɗa maka inda ya fi a kai shi, tunda ni an yi min aiki a ƙasa biyu. Waya ba za ta ɗauki amsar ba, shi ya sa na zauna na rubuto.

Ka tuna ina shekara 26 aka yi min na farko a Indiya. Ba ni da ƙorafi a kan aikin kansa. Can in ka biya, ba a ɓata maka lokaci: kwana biyu da saukata na ga likita, kafin sati ya zagayo an shiga da ni tiyata, a sati na uku ina cikin jirgi. Shekara bakwai na yi ba ɗingishi, har nakan manta akwai ƙarfe a jikina. Abin da na baro a can takarda ce. An ba ni ta sallama mai shafi biyu, ta ce an sauya kwatangwalon hagu, shi ke nan. Ni kuma murnar miƙewa ta hana ni tambayar wane kamfani ne ya ƙera, wane samfuri, wace lamba.

A nan Ingila ciwon ya dawo. In na tashi daga zaune, taku goma na farko sai in ji kamar ana soka min ƙusa daga matsematsi zuwa tsakiyar cinya, daga baya ya lafa. Nan ba a zuwa wurin likitan ƙashi kai tsaye, sai likitan unguwa ya tura ka. A ƙa'ida bai kamata a wuce sati 18 ba a fara yi maka magani, amma a 2023 layin masu jira a asibitocin gwamnatin Ingila ya haura miliyan bakwai da rabi. Na yi watanni ina jan ƙafa kafin a kira ni. Da aka kira ni kuwa, ba a yi wasa ba: gwajin jini, hoto, sannan aka zura doguwar allura cikin gaɓar aka zuƙo ruwa. Ƙwayar cuta ce mai aiki a hankali ta zauna a jikin ƙarfen, ta ci ƙashin da ke riƙe da shi har ya fara girgiɗi. Mu masu sikila mun fi yawancin mutane saurin kamuwa da irin wannan.

Tambayar farko da likitan ya yi min ita ce, me aka sa maka? Na yi zuru. Ya haska hoton a kwamfuta, ya kira abokan aikinsa biyu, suka tsaya suna nuna wuyan ƙarfen da biro suna musu, sai ka ce makanikai sun sami injin da aka kankare masa lamba. Kada ka ɗauka son sani ne kawai. Kowane kamfani da nasa kayan cirewa, kuma in an san samfurin, wani lokaci robar ciki da ƙwallon kaɗai ake canzawa, a bar sauran. Sati biyar na yi ina aika wa asibitin Indiya saƙo kafin a turo min hoton sitikun lambar ƙarfen da ke liƙe a fayil ɗina.

A nan ne na ga ainihin bambancin. Ƙarfen kansa kusan ɗaya ne ko'ina, galibinsa daga manyan kamfanoni huɗu yake fitowa: Stryker, Zimmer Biomet, DePuy da Smith & Nephew. Tsarin ma bai yi nisa da wanda likita John Charnley ya kafa a asibitin Wrightington na nan Ingila a 1962 ba, ƙwallo a kan sanda yana juyawa cikin ƙoƙon roba, sai dai yanzu matasa akan sa musu ƙwallon tangaran da roba mai jure goga. Amma tun 2003 Ingila da Wales suke da rajistar ƙasa da ake shigar da ƙarfen da aka sa wa mutum da lambarsa, Suwidin kuma tun 1979 ta fara. Alƙaluman irin wannan rajista ne suka tona asirin samfurin ASR, mai ƙarfe a kan ƙarfe, wanda DePuy ya janye a Agustan 2010 bayan an sa kusan 93,000 a duniya. Nawa ba shi ba ne. To amma da shi ne, wa zai neme ni ya gaya min?

Akwai lissafin da nake so ka riƙe, don za ka ji masu cewa ƙarfen yanzu har abada ne. Wani bincike da mujallar Lancet ta buga a 2019 ya nuna kusan 89 cikin 100 na ƙarafan da aka sa suna kai shekara 15, kusan 58 kuma suna kai 25. Sai dai yawancin waɗanda aka ƙirga dattawa ne. Wani na 2017 ya nuna wanda aka yi wa bayan ya wuce 70, kusan biyar cikin 100 ne ke buƙatar a sake, namijin da bai daɗe da shiga hamsin ba kuwa, abin ya kusa 30. To ina ga ɗan shekara 19 da zai yi gudu, ya hau bene, ya ɗauki kaya? Ka sa a ranka za a sake masa, wataƙila ba sau ɗaya ba, kuma kowace sakewa tana tafiya da wani ɓangare na ƙashi.

Nawa a mataki biyu aka yi. Kafin a taɓa ni, likitan jini ya sa aka yi min canjin jini da na'ura har jinin sikilar ya sauka ƙasa da kashi 30. Aka cire tsohon ƙarfen, aka cusa wani na wucin gadi da aka yi da siminti mai maganin kashe ƙwayoyin cuta. Sati shida ana ɗura min magani ta siririn tiyo a damtse, nas tana zuwa har gida. Sai bayan wata uku, da gwaji ya nuna cutar ta mutu, aka sa sabon.

Kayan jinya kam, ban taɓa ganin irin nasu ba. Wata ma'aikaciya ta sa na auno mata tsayin gadona da kujerata da mazaunin ban-ɗaki, don kada gwiwa ta ɗara kwatangwalo tsawo in na zauna, ƙwallon ya goce. Aka ba ni abin ƙara wa mazaunin tsayi, da sanduna, da wata sanda mai baki ta ɗaukar abin da ya faɗi. Akwai kuma wata roba mai igiya biyu ta sa safa: ka ɗaura safar a kanta, ka jefa ƙasa, ka zura ƙafa, ka ja. Ranar farko minti ashirin na yi ina fama da ita. Da safar ta suɓule karo na huɗu, sai na zauna a bakin gado na yi kukan da ban yi ba ranar da aka ce min aikin ya lalace. Babu wanda zan ce wa zo ka sa min. Nas minti arba'in take yi ta tafi, lokacin sanyi ne, ƙarfe huɗu duhu ya rufa. A wurin gashin ƙashi duk tsofaffi ne, wata ma ta tambaye ni kakana na rako ne. Abin da ya riƙe ni, na daina lissafin yaushe zan koma yadda nake da, na koma rubuta takun da na yi kowace rana a bayan ambulan. Yanzu ƙafar hagu ta ɗan gaza ta dama, ina sa tudu a takalmi, salla kuma a kan kujera nake yi har yau.

Kada kuma ka ji an ce kyauta ne. Mai biza irina yana biyan fam 1,035 a shekara na lafiya tun Fabrairun 2024, ban da haraji, kuɗin rashin lafiya da doka ta ɗora wa wurin aiki kuma sati 28 ne iyakarsa. Wanda ya zo da bizar ziyara, kashi 150 cikin 100 na kuɗin aikin ake cajinsa. Saboda haka kawo shi nan ba zai zama irin nawa ba.

Da ni ne kai, ba ƙasa zan fara zaɓa ba. Zan tambayi likitan masu sikila nawa ya yi wa wannan aiki, domin ramin ƙashin cinyarmu yakan tsuke ya yi tauri, wanda bai saba ba yana iya fasa shi. Zan tambaya ko akwai likitan jini da zai tsaya a kansa, da kuma wanda zai riƙa duba hotonsa bayan kun koma, da inda za a nufa in wurin ya yi ruwa cikin dare. Kada ku bar asibitin sai da kwafin sitikun nan da bayanin aikin, ka ɗauke su a waya, ka turo min ni ma in ajiye.

Ranar Lahadi in na kira, ka miƙa masa wayar ka ɗan ba mu wuri. Akwai tambayoyin da ba zai iya yi a gabanka ba. A gaida mutanen gida.