Na sayi littafin Bernard Barton, akawun banki mai waƙa

Ta hanyar Umar Hayyam, tsohon mawaƙin Farisa, na san Bernard Barton. Ina bin tarihin Edward FitzGerald, Baturen da ya juya baitocin Hayyam zuwa Turanci, sai na ga ya auri 'yar wani mawaƙi a 1856, auren da bai je ko'ina ba. Wane ne surukin? Barton ne. Shi ne na yi odar littafinsa ta intanet, irin tsofaffin littattafan nan da ake ɗaukar hotonsu a sake bugawa idan an samu mai saye. Asalinsa bugun 1849 ne, zaɓaɓɓun waƙoƙi da wasiƙu da 'yarsa Lucy ta tattara bayan rasuwarsa.

Aikin bugun dai sai haƙuri. Takardar fara ce ƙal, ɗinkin ma ba laifi, amma rubutun ya dushe a wurare da yawa, wani shafin ya karkace har ƙarshen layuka ya yanke. A shafi ɗaya har inuwar yatsan mai ɗaukar hoton ta fito. Na yi dariya, don shi kaɗai ne shaidar cewa ɗan Adam ya taɓa aikin.

Waƙoƙin kuwa, gaskiya ba su riƙe ni ba. Na ibada ne akasari, masu sanyi, ka karanta goma ka kasa bambance su. Wasiƙun da taƙaitaccen tarihin da FitzGerald ya rubuta a gaba, su ne suka fanshe kuɗina.

A nan na ga mutumin. An haife shi a Carlisle a 1784, ɗan ɗariƙar Kweka, Kiristocin nan na Ingila da ba su da limami, suna zama shiru a wurin ibada. Matarsa ta rasu wajen haihuwar Lucy. Ya kama aikin akawu a wani banki a Woodbridge da ke Suffolk, ya yi kusan shekara 40 a kan teburi ɗaya, sai ya tashi aiki yake rubutu. Da ya so ya ajiye aikin ya ci abinci da alƙalami, abokinsa marubuci Charles Lamb ya rubuto masa a 1823 cewa kul, ya riƙe bankin, bankin zai riƙe shi. Ya kuwa ji magana. Ni da na karanta waƙoƙin, na ce Lamb ya yi masa rana. Daga baya firaminista Robert Peel ya sa aka yanka masa fansho na fam 100 a shekara, amma bai bar teburin ba sai ana saura kwana biyu ya rasu, a Fabrairun 1849.

Wanda idonsa ba ya son ƙananan haruffa, ya nemi wani bugun. Nawa yana nan gefen gado, na naɗe kunnen shafin da wasiƙun suka fara.