Yashi, bulo ko duro: me ya dace ka ɗora wa akori-kura da damina?

Duk direban da ke bin hanyoyin Auyo, Guri ko Kirikasamma a Jigawa a watan Agusta ya san halin akori-kura. Da safe ta shiga ƙauye ɗauke da buhunan taki, ta ratsa caɓi salin-alin. Da yamma kuma, a hanyar nan dai, tana dawowa wayam sai gindinta ya fara rawa, tayoyin baya suna juyawa a wuri ɗaya suna watsa laka. Dalilin ba ɓoyayye ba ne. Inji da direba suna gaba, bodi ba shi da nauyi, alhali tayoyin baya ne ke tura motar. In babu abin da ya danne su, ba za su kama ƙasa ba.

Mutanen arewacin Amurka da Kanada sun daɗe da wannan matsala a lokacin hunturunsu, in ƙanƙara ta rufe titi, kuma maganinsu shi ne ajiye buhunan yashi a bodi har sanyi ya wuce. Mu ba mu da dusar ƙanƙara, amma laka a kan burji santsinta ɗaya ne. Tambayar ita ce wane nauyi za ka nema, kuma nawa.

Ga Hilux ko L200 ko tsohuwar Fijo 504, kilo 100 zuwa 200 ya wadatar. Wato kimanin buhun siminti biyu zuwa huɗu, tunda kowane buhu kilo 50 ne. Fiye da haka, mai kawai kake ƙonawa, kuma birki zai daɗe kafin ya tsayar da kai.

Ni dai buhun yashi nake zaɓa. Kusan kyauta ne: tsofaffin buhunan taki, shebur, da bakin rafi. Yana kwanciya luf a bodi, ba ya gangarawa, ba ya kankare fenti. Wani amfaninsa kuma shi ne in ka kafe, sai ka kwance buhu guda ka zazzage a gaban tayoyin baya, su samu abin kamawa. Bulo ko ruwa ba sa yi maka wannan aiki biyu. Aibinsa bai wuce biyu ba. Rana tana cin buhun leda, cikin 'yan makonni ya fashe, don haka ka riɓanya buhu ko ka rufe da tamfol. Sannan jiƙaƙƙen yashi da ya kwana a kan ƙarfe tsatsa yake haifarwa, sai a shimfiɗa katako a ƙasa. Wasu sun fi son tsakuwa don ba ta riƙe ruwa, kuma suna da gaskiya, sai dai ita sayenta ake yi.

Bulo shi ne abin da mutane suka fi saurin ɗauka, don yana nan a ƙofar gida. Ba na ba kowa shawarar sa. Ranar da akuya ta gifta ka taka birki da ƙarfi, bulon nan gaba zai yo, kuma tsakaninsa da ƙeyarka gilashi ne kawai. Haka tsoffin ƙarafan inji da ake tsinta a kasuwar Ƙofar Ruwa ta Kano: suna da nauyi a ɗan ƙaramin wuri, amma sai in mai walda zai ɗaure maka su da noti a jikin bodi. In ba haka ba, bar su.

Ruwa yana da nasa daɗin. Lita ɗaya kilo ɗaya ce, lissafi ba wuya: jarka mai lita 25 guda shida sun ba ka kilo 150. Ka isa gona a Kadawa ko Bunkure za ka ɗauko shinkafa, sai ka tuttular da ruwan, jarkoki su koma gefe. Mai yashi kuwa sai ya sauke buhunansa ya bar su can, ko ya haɗa da kaya motar ta yi lodi fiye da kima. Sharaɗin kawai a cika jarkokin maƙil a ɗaure su da igiya. Duro mai lita 200 fa? A tsaye yana da tsawo, yana rinjayar mota a kwana. In kuma rabi ne ruwan, kowace kwana sai ya kwaɗa gefe ya ja gindin motar da shi. Jarkoki sun fi shi nesa ba kusa ba.

Inda aka ajiye nauyin ya fi abin da aka ajiye muhimmanci. A saitin tayoyin baya ake sa shi, ko a ɗan matso gaba kaɗan, rabi dama rabi hagu. Yaran mota suna son jibge shi a bakin ƙofar bodi don sauƙin saukewa, amma nauyin da ya wuce tayoyin baya ɗaga gaban mota yake yi, sitiyari ya yi sakwa-sakwa. Katako biyu a gicciye sun isa su tokare buhunan.

Sai dai a kula, wannan dabara ta santsi ce, inda laka ke sama ƙasa mai tauri na ƙarƙashi. Mai bin jigayin Maigatari, Babura ko Sule Tankarkar, nauyi ba abokinsa ba ne, ƙara nutsar da shi zai yi. A rairayi rage iskar taya ake yi don ta baje, in an hau kwalta a nemi mai faci ya mayar. Taɓon fadama mai zurfi ma haka: mota mai nauyi ta fi saurin zama a kan cikinta.

Kafin ma ka nemi buhu, durƙusa ka dubi tayoyinka. In sun suɗe, kilo 200 ba zai mayar musu da haƙori ba, kuɗinka ya fi amfani a wajen taya biyu masu manyan haƙora na baya, ko da 'yan Kwatano ne masu sauran rai, muddin ka duba shekarar da aka ƙera su a jikinsu. Mai Hilux ɗin da ke ja da ƙafa huɗu kuma buƙatarsa kaɗan ce, buhu biyu sun ishe shi, amma kada ya rasa su, don giyarsa tana taimaka masa wajen tashi ne kawai, ba ta hana gindi zamewa a kwana.