Shagon zuma a Terminus: zuma mai kyau, hujja marar ƙwari

Wani ƙaramin shago a kasuwar Terminus ta Jos yana sayar da zuma mai kauri da ƙamshi, a kwalba mai lambar NAFDAC. Zumar ba laifi. Tallar ce abin dubawa.

Mai shagon yakan fara da "Alhaji, wallahi tallahi", ya kawo ayar Suratun Nahli cewa a zuma akwai waraka. Ayar gaskiya ce, amma ba ta shaidi wannan kwalbar ba. Daga nan mai saye yakan ji nauyin ƙara tambaya, kada a ga kamar yana shakkar aya.

Sai gwajin ashana: a tsoma ta a zumar, a ƙyasta, in ta kama wai zumar ta gaskiya ce. Ruwan sukarin da aka dafa ya yi kauri ma yakan tsallake wannan. Ƙarancin ruwa kawai yake nunawa.

Abin haushin, masu saye na gudun zumar da ta daskare wai sukari ce. Sanyin Jos ne: zuma ta fi saurin daskarewa a wajen digiri 14. A sa kwalbar cikin ruwan ɗumi ta narke. Amma kada a bai wa jaririn da bai cika shekara 1 ba zuma.