Tabarau mai ido biyu 10x42 ko dogon madubi 20-60x80: wanne ya dace da mu a Zariya?

Alhaji, barka da yamma. Tsakanin biyun da ka jero, wato tabarau mai ido biyu 10x42 da dogon madubin nan mai ido ɗaya 20-60x80 da ake kafawa a kan ƙafa uku, ka ɗauki mai ido biyun, kuma ka zuba kuɗinka a kan mai kyau. In don lura da gona ne da duban jinjirin wata, shi ne zai yi maka aiki a ƙasar nan tamu.

Na san abin da ke jan hankalinka ga dogon, lamba 60 ce. Lambar farko ita ke nuna sau nawa gilashin ke jawo abu kusa (a dogon, ana murɗa ta daga 20 zuwa 60), ta bayan x kuma faɗin gilashin gaba ne a milimita. Da 10x42, saniyar da ke nisan mita 1,000 za ka gan ta kamar tana mita 100. A takarda, 60 ya ninka wannan sau shida. To amma gilashi ba saniya kaɗai yake jawowa ba, har da duk iskar da ke tsakaninka da ita. Daga Disamba zuwa Fabrairu hazo ne, wata rana ka tsaya a gari ka nemi Dutsen Kufena ka rasa. Hazo na yayewa bazara ta shigo, ƙasa ta ɗauki zafi, tun hantsi kawalwalniya ta fara rawa a kan gonaki. Ka murɗa zuwa 60 a irin wannan lokaci, abin da za ka gani ya ƙara girma amma bai ƙara fita ba, yana ta kaɗawa kamar hoto a cikin ruwan rijiya. Dole ka dawo 20 ko 25. Ka ga ke nan ka biya kuɗin lambar da iskar garin ba ta barinka ka mora sai jefi-jefi, da sassafe ko bayan an ɗauke ruwa da damina.

Sai maganar haske, wadda ita ce ta fi damuna, domin ɓarnar gona da fitowar wata duk da almuru suke faruwa. Ka raba faɗin gilashi da ƙarfin jawowa, abin da ya fito shi ne faɗin ɗigon hasken da ke isa idonka. A 10x42, milimita 4.2 ne. A dogon madubi idan yana kan 60, milimita 1.3 kacal. Ƙwayar idon mutum kuwa tana buɗewa zuwa milimita 5 ko 7 idan duhu ya yi, gwargwadon shekarunsa. Shi ya sa ana kiran magariba dogon ya dushe, mai ido biyu kuma yana nan tangaran.

Nawa Vortex Viper HD ne, 10x42, kuma ba na fita gona ba shi a wuya. Wata kaka shinkafata ta nuna a fadamar Galma, rana ta kusa faɗuwa, sai yaran da ke mini aiki suka hango ƙura ta tashi daga can ƙarshen gonar. Nan take suka fara neman sanduna. Na ɗora gilashin a ido, na ga shanu sun doso kan iyaka, a bayansu wani ɗan yaro ne shi kaɗai, sun fi ƙarfinsa, yana gudu yana kuka. Har bajimin da ke gaba na gane, mai karyayyen ƙaho, na rugar da ke maƙwabtaka da mu ne. Na kira mahaifin yaron a waya, kafin shanun su taɓa ko zangarniya ɗaya yayyensa sun iso a babur sun kore su. Washegari dattijon ya aiko mini da ƙwaryar nono. Da a ce sai na buɗe jaka, na miƙe ƙafa uku, na ɗaure madubi, na laluba inda ƙurar take, da yarana sun riga sun isa wurin da sanduna, kuma Allah kaɗai ya san abin da zai biyo baya.

Lalubawar nan ba ƙaramin abu ba ce. Mai ido biyu yana nuna maka fili mai faɗin wajen mita 110 a nisan mita 1,000. Dogon, a kan 60, bai cika mita 20 ba. A duban wata ma haka ne. Faɗin wata a sama rabin digiri ne, tabarau 10x42 kuma yana ɗaukar wajen digiri 6, wato wurin da wata goma sha biyu za su jeru. Jinjirin daren farko ba ya daɗewa bayan faɗuwar rana, don haka kana bukatar abin da za ka share yammacin sama da shi da sauri, ka gano inda yake, sannan ka sauke ka nema da idonka, ka nuna wa na kusa da kai kafin a kai rahoto ga hakimi ya wuce fadar Sarkin Musulmi. Amma don Allah ka jira rana ta faɗi gaba ɗaya. Kallon rana ta cikin gilashin nan, ko na ƙiftawar ido, yana iya ƙona ganin mutum har abada.

Dogon madubin yana da ranarsa: wanda zai zauna wuri guda a bakin dam ɗin Shika yana ƙirga tsuntsaye, shi ya dace da shi, in zai iya ɗaukar kilo uku ko fiye har da ƙafafun.

Game da kamfani, na ƙoli su ne Swarovski na Ostiriya da Zeiss da Leica na Jamus, kuma manyan samfuransu sun haura dala 2,000. Na taɓa leƙa Swarovski na wani malamin jami'a a Samaru, gaskiya ya fi nawa, musamman a gefe-gefen hoton da kuma cikin duhu. In aljihu ya ɗauka, ba asara ba ce, abu ne da ɗanka zai gada. In bai ɗauka ba, Viper HD ko Nikon Monarch M7, da ke wajen dala 500, sun ishe ka. Ka dai tabbata an rubuta gilashin ED ko HD, wato irin gilashin da ke rage zubar launi a gefen abin da kake kallo, kuma an cika cikinsa da iskar naitirojin ko agon an toshe, don kada raɓar damina ta shiga ta haifar da fumfuna.

Ba ka tambaya ba, amma sai na faɗa: jabu ya yi yawa, a kasuwa da Facebook. Duk wanda ka ga gilashin gabansa ja wur, an rubuta masa 60x60 ko 100x180, mai shi yana rantsuwa cewa na sojan Rasha ne yana gani cikin dare, ka wuce abinka. Tabarau na gilashi zalla ba ya gani a duhu. Wasu kuma na gwanjo ne da suka taɓa faɗuwa, idanun biyu suka saɓa, ka duba minti biyar kanka ya fara sarawa. Kada ka tura kuɗi kafin ka riƙe shi. Ka miƙa hannu da shi ka fuskanci haske, ɗigon da ke cikin kowane ido ya zama da'ira cikakkiya, ba mai kusurwa ba. Ka dubi wayar wuta daga nesa, ta fito ɗaya, ba biyu ba. Ka nemi lambar da ke jikinsa ta dace da ta kwali, ka karɓi rasit, kuma ka je gwaji da la'asar sakaliya, ba da tsakar rana ba, lokacin da kowane gilashi ke yin kyau.

In ka saya, ka guji ɗaga shi kusa da barikin soja ko shingen jami'an tsaro, halin da ake ciki ba ya son dogon bayani. Ƙurar hunturu kuma a hure ta tukuna kafin a goge, domin shafa ta da bakin riga na karce gilashin.