Kafin ka zuba kuɗi a shaf mai ƙarfi, duba waɗannan tukuna

Duk wanda ya sa wa fowil ɗinsa, wato mota mai jan ƙafa huɗu, manyan tayoyi ya ƙara da loka mai kulle tayoyi biyu su juya tare a dif, wato giyoyin da ke raba wa tayoyin ƙarfi, ko ba daɗe ko ba jima zai ji wannan ƙarar "ƙas!" a cikin ƙafa, kuma galibi a wurin da babu gareji babu netwok take faruwa. Daga nan sai a fara cigiyar shaf mai ƙarfi, wato sandar ƙarfen da ke kai juyi daga dif zuwa taya. To amma ƙarfin kala-kala ne kuma kuɗin ba ɗaya ba, shi ya sa nake ganin gara mutum ya san abin da zai saya.

Mu fara da ƙarfen. Shaf ɗin da ya zo da mota fatarsa ta waje kawai ake gasawa ta yi tauri, cikin yana nan da ɗan laushi, kuma gaskiya na Toyota orijinal ba abin rainawa ba ne. Sama da shi akwai 1541H, ya fi na kamfani kaɗan, kuɗinsa da sauƙi, yawanci a ƙafar baya ake sa shi. Sai wanda kowa ke magana a kai wato kuromoli 4340, ƙarfe ne da aka haɗa da nikel da kuromiyom da molibdenom, shi wannan idan wahala ta yi masa yawa yakan ɗan murɗe ya dawo maimakon ya tsinke nan take. Can ƙololuwa akwai 300M, irin ƙarfen da ake yi wa ƙafafun saukar jirgin sama, mai tsadar gaske. Ni dai ban ga abin da zai kai mai motar aiki wurinsa ba, na masu gasar hawan duwatsu ne a Amurka da tayoyi inci 40.

Abin da mutane ke mantawa shi ne kauri ya fi sunan ƙarfe tasiri. Ƙirga haƙoran da ke bakin shaf ɗin. Dana 30, wato aksul (ƙarfen da ke haɗa tayoyi biyu, dif da shaf suna cikinsa) da ke gaban yawancin Jeep Wrangler, shaf ɗinsa haƙora 27 gare shi, Dana 44 yawanci 30, babban Dana 60 kuma har 35. Daga 27 zuwa 30 a ido bambancin kaurin bai taka kara ya karya ba, amma ƙarfin jure murɗawa yana ƙaruwa da wajen kashi 40 cikin ɗari ko da ƙarfen iri ɗaya ne. Sai dai fa ba haka kawai za ka zura mai haƙora 30 a inda 27 yake ba, dole giyoyin gefe na cikin dif ko lokar su ma su zama na 30, to ka sa wannan kuɗin a lissafi tun farko kar bakanike ya kwance maka mota sannan ya gaya maka.

A ƙafar gaba kuma ba sandar ce ke fara mutuwa ba, gaɓar da ke lanƙwasawa idan an karya sitiyari ce. Jeep kuros take amfani da shi, wato gaɓa mai siffar gicciye, kuma idan ya fashe yakan tafi da kunnuwan shaf ɗin, don haka ka nemi wanda aka yanka masa wurin kilif mai cikakken zagaye. Land Cruiser 70 da 80 da tsohuwar Hilux mai aksul ɗaya a gaba su birfil gare su, kan shaf mai ƙwallaye a cikin wannan ƙoƙon na ƙafa. Kusan kullum hanya ɗaya yake fashewa: an karya sitiyari har ƙarshe, mota tana ribas a ogzilari, wato ƙaramar giya mai ƙarfin ja, taya tana juyawa a iska sai ta cafki ƙasa direba yana kan totur. Akwai birfil na kuromoli masu tambarin Longfield da RCV kuma suna da suna. Amma ga inda zan ja kunne, idan 80 ɗinka irin wadda ƙafa huɗu ke ja kullum ce ko a kan kwalta, masu irinta da dama suna kukan birfil na kuromoli ya fi saurin cinyewa ya fara ƙas-ƙas a kwana, saboda an rage masa tauri ne don kar ya fashe. Motar da rabin rayuwarta tsakanin Kano da Kaduna take, orijinal ya fi mata. Kuma ko wanne ka sa, idan sil ɗin ciki yana yoyo man dif ya gauraye da giris ya zama ruwa-ruwa yana ɗiga ta bayan ƙoƙon, ba zai kai ko'ina ba.

Sabbin Hilux da Prado nasu daban ne tunda ba aksul ɗaya ne a gabansu ba, matsalarsu yawanci ɗaga mota da aka yi fiye da kima, shaf ya karkace roba ta yage yashi ya shiga. Rage ɗagawar ya fi sayen sabon ƙarfe.

Baya kuwa, nan ne lamarinmu ya bambanta da na Turawa. Su wasa suke a dutse da mota babu kaya, mu kuma lodi ne, kalli yadda ake cika Land Cruiser a hanyar Agadas zuwa Dirku, jarkoki da buhuna da mutane a sama. Aksul iri biyu ne. Akwai wanda shaf ɗin ke juya taya kuma shi ke ɗauke da nauyin mota, irin na bayan Hilux, wannan lodi kaɗai yana iya lanƙwasa shi, a aksul ɗin Dana 35 ma da kilif ɗaya ke riƙe shaf ɗin idan ya karye taya da sandar zarewa suke su fito waje gaba ɗaya. Akwai kuma irin na Land Cruiser 79 wanda hob da boris biyu ke ɗaukar nauyi shaf juyawa kawai yake, idan ya karye sai ka zare shi ka toshe ramin ka lallaɓa da ƙafar gaba har gari. Mai irin wannan kafin ya yi tunanin kuromoli ya fara duba notocin da ke bakin hob, su ne ke kwancewa a hankali har kusoshin da aka ɗaure su a kai su yanke.

Sannan shaf kamar fiyus yake a cikin aksul. Ka ƙarfafa shi sosai, karyewar ba ta ɓace ba, ta koma kan kambun dif da finiyon ne, wato babbar giya da ƙaramar da ke juya ta, waɗanda suka fi tsada kuma ba a gyara su a gindin bishiya. Wanda ya sa taya inci 37 a kan Dana 30 ko da 300M ne bai tsira ba, aksul ɗin ne ya yi masa kaɗan.

A nawa ganin, taya 33 zuwa ƙasa babu loka, tsaya a orijinal ka ajiye sifiya ɗaya a bayan mota. Taya 35 da loka, sa kuromoli a gaba tukuna. Idan Belgium za ka saya a Ƙofar Ruwa ko Panteka, tafi da tsohon naka a hannu don na hagu da na dama ba tsawo ɗaya ba ne, a ƙirga haƙora a gabanka, a duba zoben ABS idan motarka na da shi, sannan ka goge giris ɗin ka kalli haƙoran a rana, idan layinsu ya ɗan karkace ko kaɗan ne wannan ya riga ya murɗe, ajiye musu kayansu.