Cressi Start ko Scubapro Hydros Pro: wace rigar iska ce ta dace da mai nutso a Jidda?

Wanda ya gama kwas ɗin nutso na farko a Ubhur, gaɓar teku da ke arewacin Jidda, da ya sayi tabarau da takalmin iyo, sai ido ya koma kan rigar iska, wadda masu shago ke kira BCD. Aikinta uku ne: ta riƙe silinda a bayanka, ta tallafe ka a saman ruwa, a ƙarƙashi kuma ta tsayar da kai cak, ba ka nitsewa ba ka tasowa. Riguna biyu za mu auna a nan, ɗaya ta ƙasan kasuwa ɗaya ta sama, domin kuɗin Hydros Pro ya kai ninki uku na Start ko fiye.

Kafin a je ga suna, a fara da lissafin ruwanmu. Gishirin Bahar Maliya ya kai kusan giram 40 a kowace lita, alhali na yawancin tekuna 35 ne, don haka ruwan yana ɗaga mutum sosai, dalmar da mai nutso ke ɗaurawa don ya nitse, wadda ta ishe shi a wani wuri, a nan sai ya ƙara. Ruwan kuma da ɗumi, a Jidda daga wajen digiri 25 da hunturu zuwa 30 da ɗoriya da bazara, shi ya sa rigar roba mai kaurin milimita 3 take wadatar da yawancin mutane. Silindar da jiragen nutso suka fi bayarwa ita ce ta alminiyam mai lita 11, iskar cikinta idan ta cika tana da nauyin kilo 2 da rabi zuwa 3. Wannan nauyin, da ɗan abin da rigar roba take rasawa idan zurfi ya matse ta, su ne kawai rigar iska za ta cike. Duka-duka ba su wuce kilo 6 ba. Saboda haka idan mai shago ya fara kuranta maka riga da cewa tana ɗaga kilo 20 da wani abu, ka saurare shi da kunne ɗaya. Mai ɗaga kilo 13 zuwa 15 ta isa har da rara, babbar jaka kuwa iska ce kawai za ta riƙa yawo a cikinta tana karkata ka.

Cressi Start riga ce irin ta falmaran, jakar iskar ta zagaye baya da haƙarƙari. Kamfanin Cressi na Italiya ya yi ta ne musamman don makarantun nutso da masu bayar da haya, har an rubuta girmanta ɓaro-ɓaro a kafaɗa. Yadinta Cordura ne mai kauri, yana jure gogar benen jirgi da jifar da ake yi wa kayan haya. Tana da manyan aljifai biyu da wurin maƙale ma'aunin iska da bakin numfashi na ko-ta-kwana, ga mafitar iska a kafaɗa da ƙasan baya. Babbar fa'idarta a saman ruwa take. Da ka hura ta sai ta zaunar da kai a miƙe, kai a sama, wanda ba ƙaramin abu ba ne ga sabon mai nutso da ke jiran jirgi ya zagayo a wurin nutso na Abu Ɗair da yamma, lokacin da iskar arewa ta tayar da igiyar ruwa.

Aibinta ma a fili yake. Ba ta da aljifan dalma, dole ka ɗaura bel, bel kuma yana zamewa idan rigar roba ta motse a zurfi. Idan an cika ta taf tana matse ƙirji. A ƙasa tana son tsayar da mutum ƙafa ƙasa kai sama, kuma mai irin wannan tsayuwa shi ne yake dukan murjani da takalmi yana tayar da yashi. Ana iya gyara wannan da ɗan ɗaga silinda sama da raba dalma daidai, amma sai an yi aiki. Ga jinkirin bushewa.

Hydros Pro, wadda Scubapro ya fitar a 2016, wani salon ne daban. Jakar iskar gaba ɗaya a baya take, ƙirji da gefe fayau. Madauranta ba yadi ba ne, wata roba ce mai laushi da ake kira Monprene, ba ta shan ruwa, shi ya sa kafin jirgi ya iso gaɓa ta kusa bushewa, kuma ba ta da wani ɗagawa na kanta da zai sa ka ƙara dalma. Robar tana kama jiki, silinda ba ta rawa a baya ko ka juya. Kwanciya shimfiɗe cikin ruwa, wadda ita ce ke rage shan iska, kusan da kanta take zuwa. Aljifan dalma suna shiga da ƙulli mai ƙara, ana kuma iya kwance su gaba ɗaya a sa siraran madauri idan tafiya ta kama zuwa Yanbu ko Al-Lis. Abin da ya fi burge masu gyara shi ne kusan kowane sashe ana kwance shi a musanya, ba sai an kai wa mai ɗinki ba.

Sai dai kada a ɓoye: a saman ruwa, idan aka cika ta da iska kuma dalma duk tana gaba, tana tura fuska cikin ruwa. Maganin shi ne a hura rabi, a kishingiɗa baya, a mayar da kilo 1 ko 2 cikin ƙananan aljifan baya. Ba ta da aljihun kirki na ajiya, wanda zai ɗauki balan-balan ɗin alama da zarensa sai ya rataya ko ya sayi aljihu daban. Kama jikin nan da ake yabo kuma shi ne ke wahalar da mutum wajen sakawa a jirgi mai tangaɗi.

Ko wacce za ka ɗauka, gwaji a shago ya zama da rigar robarka a jiki. Ɗaure komai, ka hura ta har bawul ya yi tsaki da kansa, ka ja dogon numfashi. Idan ya gagara, ta yi maka kaɗan. Sa wani ya ja kafaɗun sama. Idan sun kai kunne, ta yi yawa, a ruwa za ta haye maka wuya. Lalubi igiyar kowace mafita ido a rufe. Sannan a bar ta a hure minti 20, wadda ta saki tana yoyo.

Hukuncin dai: mai nutso sau ɗaya a wata ko ƙasa da haka, Start ta ishe shi, rarar riyalolin gara ta tafi ga kwamfutar nutso. Wanda duk Juma'a ko Asabar yana ruwa, ya kuma iya sarrafa numfashinsa, Hydros Pro ta ci kuɗinta. Amma babu wadda za ta gyara mai yawan dalma. A ƙarshen nutso, da saura bar 50 (ma'aunin matsin iska) a silinda, ya kamata ka iya tsayawa a mita 5 na minti 3 da riga kusan babu iska. Idan har sai ka hura kafin ka tsaya, rage dalma kilo ɗaya-ɗaya. Dalilin kuwa, iskar da ke cikin riga a mita 10 tana ninka girmanta sau biyu kafin a kai sama, mai iska da yawa a riga shi ne tasowa ke ƙwace wa.

Abin da ke kashe riga a nan gishiri ne da zafi. Gishiri yana daskarewa a maɓallin hurawa har ya maƙale a buɗe, riga ta riƙa cika da kanta tana jan ka sama. In haka ta faru, cire tiyon da ke kawo wa maɓallin iska daga mahaɗarsa nan take, ka ja igiyar kafaɗa, ka ƙarasa da hurawa da baki. Bayan kowace fita, a wanke waje, a danna maɓallin hurawa da baki a ɗura ruwan daɗi kamar lita ɗaya a ciki, a hura, a jijjiga, a juye ta mafitar ƙasa, a maimaita har ɗanɗanon gishiri ya tafi. A shanya a inuwa da 'yar iska a ciki don kada bangon jakar ya manne, kuma kada a bar ta a but ɗin mota da rana. Madaurin silinda na yadi yana saki idan ya jiƙe, don haka a jiƙa shi kafin a ɗaure, a ɗaga rigar a girgiza a ga ko silinda za ta zame. Na Hydros Pro mai ƙullin ƙarfe ne, sai an sake daidaita tsawonsa duk lokacin da aka sauya daga silindar alminiyam zuwa ta ƙarfe mai lita 15, domin kaurinsu ba ɗaya ba ne.